Masarar Da Ya Bari

Tana cikin kwashe matattun kaji ne likitan dabbobi ya shigo ɗakin kajin. Ta jera su a bakin ƙofa, farare, ƙafafu a miƙe. Sauran sun takure a kusurwa, fukafukai a sake, ko ruwa ba sa kallo. Kajin nama ne, da su take riƙe gidan tun rasuwar mijinta.

Likita bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya feɗe ɗaya a kan murfin bokiti, ya ɗago hantar da bakin wuƙa. Ta kumbura, ta yi fari kamar an tafasa ta.

"Me kike ba su?"

"Abin da ka ce. Garin kurkum, garin gawayi, da yis ɗin burodin nan. Da na ga sun fara sanyi ma sai na ninka."

"Ba mahaɗin nake tambaya ba. Masarar."

Ta kai shi ɗakin ajiya. Buhunan na jingine da bango, daidai inda rufi ya yi ta yoyo da damina. Noman mijinta ne na ƙarshe, wanda ya girbe kafin ciwo ya kwantar da shi. Likita ya cusa hannu can ƙasan buhu, ya ɗebo, ya shinshina. Wani kore-kore ya manne masa a tafi.

"Na shanya ta fa," ta ce da sauri. "Na sheƙe, na bakace. Kowa ya san rana tana kashe fumfuna."

"Kowa ya sani, kajin ne ba a gaya wa ba." Ya karkaɗe hannu, ya sassauta murya. "Fumfunar ta tafi, gubar tana nan cikin ƙwayar. Kurkum da gawayi rage ɓarna suke yi in abin kaɗan ne. Wannan ya fi ƙarfinsu. In kin canja abinci yau, sauran za su iya tashi. Ita kuwa masarar a binne ta, ko akuya kada ta ci."

Surukarta, uwar mijinta, na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta ji komai. Ta bari sai da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa.

"A binne? Hatsi?"

"Haka ya ce, Inna."

"Shi ya noma? Tunda 'yan lelen naki cikinsu ba ya ɗauka, a kai inji a niƙo mana. Mun ci wadda ta fi wannan lalacewa shekarar yunwa, ga mu nan daram."

Waɗanda suka rage ne ke ba da labarin shekarar yunwa, amma ba a faɗa wa suruka haka. Ta sunkuyar da kai.

"Jikokinku ne za su ci, Inna. Kun ga hantar nan."

Tsohuwar ta murza bakin zaninta. Da ta sake magana, faɗan ya fita daga muryarta.

"An binne min shi. Yanzu kuma a binne guminsa."

Ita ma dalilinta ke nan na ƙin sayen wata masarar, duk da ta ji warin tun farko. Kullum ta ɗebi kwano ta zuba wa kaji, sai ta ji kamar har yanzu shi ke ciyar da gidan.

Ta ɗauki fartanya da shebur ta zagaya bayan ɗakin kaji. Ƙasar ta yi tauri, sai da ta jiƙa ta da ruwa. Ta haƙa har ramin ya kai mata ƙugu, tafukanta suka yi bororo. Daga ciki tana jin kukan kajin, siriri, ba ƙarfi.

Ta koma ta kama kunnen buhun farko, ta fara ja. Ya yi mata nauyi, yana kartar siminti, ƙwayoyi na zuba ta wata huda.

"Ke!"

Ta tsaya, ta saki buhun, tana jiran faɗa.

Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe. Ta tako a hankali, ta ɗaure zaninta, ta sunkuya ta kama ɗaya kunnen da hannu biyu.

"Ɗaga sosai," ta ce. "Kada ki ja min shi a ƙasa."