Injin Sufyanu da Ba Ya Shan Mai

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle.

Ta zo mu ji ta, Inna, amma ban da ƙari.

Yaushe na taɓa ƙari? Ku zauna. A shekarun da waya mai shafawa ta fara cika Gummi, Sufyanu jikan ƙanwata ya dawo daga karatun kwamfuta ya shige ɗaki. Wai ya ƙirƙiro yaren ba kwamfuta umarni, sai ya tarar kowace waya da irin kunnenta. Shi ne ya zauna gina wani inji na rubutu zalla, mai zama cikin waya yana yi mata tafinta. Haka na fahimta, kada ku matsa mini.

Sufyanu ya ga Zinatu 'yar garin Adabka yana so. Iyayenta suka ce ba aure sai an ga sana'arsa. Da suka ji inji yake haɗawa, suka turo kawunta Makau, mai gyaran injin ban ruwa. Ya sha ramukan hanya a babur, har da sifana a aljihu.

"Ina injin, ɗana?"

Sufyanu ya buɗe kwamfuta.

"Inji na ce. Mi yake sha, fetur ko gas?"

"Ba ya shan komai, Kawu."

Makau ya fara laluben takalminsa. Don ya riƙe shi, Sufyanu ya kama ba shi tarihi. Injinsa na farko kafin ya haɗa biyu da biyu an sha shayi an wanke kofi. Na biyu ya yi gudu, amma waya ta koma kaskon masa don zafi. Na uku ya sa masa mai kwashe tarkace, ya kwashe har da aikin. Sufyanu ya wargaza komai ya sake daga tushe. Wannan kam, in ji shi, ba ya tsayawa.

"Tada shi mu gani."

Sufyanu ya danna. Rubutu ya gudana, ya gudana, sai allo ya ƙame.

Makau ya saki takalmi. "Jiya lafiya lau yake, ko?"

"Wallahi, Kawu."

"Sai da baƙo ya zo. To wanga inji ne. Nawa ma haka suke mini gaban mai gona."

Aka ɗaura aure bayan yankan shinkafa. Zinatu ta haifi Nusaiba. Makau yana gaya wa mutanen Adabka surukinsu makanike ne. Sufyanu yana kan inji na bakwai, kuma har yau injin ba ya tashi gaban baƙo.