Dalili: Sauyin Gida

Takardu goma sha ɗaya Hedimasta ya jera a kan teburinsa, ya danne su da abin da hannunsa ya samu saboda iskar fanka: wannan da kwalin alli, waccan da maƙullin babur, ta ƙarshe da kofin shayinsa. Dukkansu takardun sauya makaranta ne. Dukkansu daga makarantar kan tudu suka fito, a cikin sati guda, da sa hannu ɗaya da hatimi ɗaya. A layin da aka bari don rubuta dalili kuwa, kalmomi biyu ne ake ta maimaitawa: sauyin gida.

"Gidaje goma sha ɗaya," in ji shi. "Sun tashi a sati ɗaya, kuma duk suka tare a nan bayan tasha. Gobara aka yi a kan tudun ba mu ji labari ba?"

Mataimakiyarsa tana tsaye a bakin taga tana gyara jadawalin aji shida. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bara tara ne, Malam. Bana an samu ci gaba."

Bai yi dariya ba, don maganar ba ta dariya ba ce. Kowace shekara 'yan aji shida na makarantun birnin arba'in da biyu suna zana jarrabawa ɗaya, ofishin ilimi kuma ya liƙa sakamakon a allo, daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kowa ya zo ya ga matsayinsa. Makarantar kan tudu shekara bakwai ke nan tana sama. Tasa, ta bayan tasha, shekara biyu a jere tana can ƙasa inda sai mutum ya sunkuya zai karanta. Ofis kuwa ya aiko a rubuce: duk wadda ta yi ta ƙarshe sau uku, za a cire shugabanta a raba ɗalibanta ga maƙwabta. Makin yaro kuma a kan makarantar da ta yi masa rajista ake lissafa shi, ko da jiya ya shigo. Ranar Alhamis da ƙarfe biyu za a rufe rajista. Ga shi yau Litinin.

Abin da ya fi ci masa rai, bana ya yi aiki bakin rai bakin fama. Tun farkon shekara ya karɓi lissafin aji shida da kansa, yara tamanin da ɗaya a ɗaki guda, ana tashi ya tsare su har la'asar. Muryarsa ta dushe, alli ya cinye masa yatsu. Da aka yi jarrabawar gwaji sai ga su sun hauro ta talatin da uku. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi a wurinsa numfashi ne.

Baƙin yaran suna zaune a kan dogon benci a baranda, sanye da shuɗin yadin kan tudu, an ɓalle wa kowa bajon ƙirji, sai zare ya rage yana reto. Ya fita ya raba musu takarda, ya rubuta musu lissafi goma a allo. Da ya karɓa ya duba, wanda ya fi kowa ya ci uku.

"Kin gani ko?" ya ce da Mataimakiya, yana buga takardun a tafin hannunsa. "Ashe masu ƙoƙari iyayensu ba sa sauya gida. Sai waɗanda ba su iya raba sittin gida huɗu ba."

"To me za ka yi?"

"Ba zan sa hannu ba. Ko ɗaya."

"In ba ka sa ba, babu inda za su zana. Shekara ta tafi musu."

Ya kalle ta da gefen ido. Tun bara yake zargin duk abin da aka faɗa a ofishin nan yana isa kan tudu kafin a tashi. Ba shi da hujja. Amma a kwanakin nan Hedimasta ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Washegari na goma sha biyu ya iso. Wani tela ne ya kawo shi, tef ɗin awo rataye a wuyansa, ya manta bai cire ba. Hedimasta ya san shi farin sani. Shagonsa yana kallon ƙofar makarantar kan tudu, shi ke ɗinka wa yaranta kayan makaranta. Kullum da safe sukan ɗaga wa juna hannu, don a nan Hedimasta yake sauke Auta, 'yarsa ta ƙarshe, kafin ya juyo da babur ya gangaro wurin aikinsa. Haka ne, 'yar shugaban makarantar bayan tasha a kan tudu take karatu. Malamansa sun daɗe da gajiya da yi masa ba'a a kai.

"Yaushe ka tashi daga unguwar?" ya tambayi telan. "Ɗazu da safe na gan ka kana share ƙofar shago."

Tela ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ban tashi ba. Kirana aka yi. Aka ce yaron nan yana buƙatar inda ake bi a hankali, can gudu ake yi. Aka ce in na ƙi, zai maimaita aji, ba za a sa sunansa a jarrabawa ba. Aka nuna mini wurin sa hannu, na sa."

"Ka karanta abin da aka rubuta?"

"Na karanta. Aka ce haka ake cike takardar."

"Za ka iya maimaita wannan a gaban mutanen ofis?"

Tela ya shiga murza bakin tef ɗin. Duk ɗinkinsa daga ƙofar makarantar nan yake fitowa, wannan kuwa ba sai an faɗa ba.

Hedimasta ya ninke takardar ya miƙa masa. "To ka mayar musu. Nan ba juji ba ne."

Yaron yana tsaye ya ji. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, wanda aka goge shi tas don zuwa sabuwar makaranta.

"Can sun riga sun cire sunansa," in ji tela a hankali. Ya kama hannun ɗansa, sai da ya kai ƙofa ya waiwayo. "Ita Auta dai tana lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Me ya kawo zancenta?"

"A'a, gaisuwa ce."

Hedimasta ya bi bayansa da kallo har ya fice. Wato abin har ya kai a turo mutum ya tuna masa inda 'yarsa take? To, su zuba a gani.

Da yamma a gida bai da wata hira sai wannan. Matarsa tana guga, shi yana zaune da faranti a gaba yana zazzaga: yaran da ba su san bakwai sau takwas ba, iyayen da ke sa hannu ido rufe, da Dogo, shugaban kan tudu, wanda suka kwana ɗaki ɗaya shekara uku a kwalejin horar da malamai, shi Hedimasta ya koya masa lissafi da bakinsa, yau shi ne yake share ɗakinsa yana turo masa sharar. Auta ta ci loma biyu ta tashi ta shige ɗaki.

"Ina takardar sakamakon gwajinta ne?" ya tambaya. "Namu ya fito tun sati uku."

"Ba su ba su ba tukuna," in ji matar, tana danna dutsen guga a kan wuyan rigarsa. Can ta ce, "Baban Auta, yaran nan da ka bari a baranda, in da a ce akwai naka a ciki fa?"

"Nawa ba zai ci ashirin a lissafi ba."

Ta ci gaba da guga. Mutumin da ya ƙirga zaren bajo a ƙirjin 'ya'yan wasu, bai lura cewa wuyan rigar nan sau uku ana goge shi ba.

Ranar Laraba da ya sauke Auta bai juya ba, ya kafe babur ya shiga. Aji talatin-talatin, kowane yaro da kujerarsa. Ɗakin karatu da littattafai har rufi. Ga kofuna bakwai a jere a ofishin Dogo, an goge su suna ƙyalli.

Dogo ya taso da fara'a ya rungume shi. "Mutumina, yau kai ne da kanka? A kawo shayi."

"Ba shayi na zo sha ba. Goma sha biyu, Dogo. A sati ɗaya."

"Iyaye ne suka nema. Akwai sa hannunsu."

"Tela bai tashi ba."

"In tela ya ce ya tashi, ni zan bi shi gida in duba?" Dogo ya koma kujerarsa ya gyara zama. "Kai ana auna ka, ni ma ana auna ni. In na faɗo ta biyu, waɗanda za su tsaya a ƙofar nan sun fi waɗanda za su tsaya a taka. Kai ma ai don allon nan ka kawo 'yarka nan, ba don kyawun fuskata ba."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya miƙe. "Zan rubuta wa ofis."

"Ka rubuta. Amma ka shaide ni da abu ɗaya. Ban taɓa nuna bambanci ba. Ko ɗan waye, awo ɗaya nake yi masa."

Hedimasta ya ɗauki wannan a matsayin cika baki. Ya koma ya rubuta ƙorafi shafi uku, ya ƙi bai wa Mataimakiya ta buga, ya kulle a aljihun tebur.

Ranar Alhamis da safe matarsa ta ce Auta kanta na ciwo, ba za ta je ba. Ya tafi shi kaɗai. Yara goma sha ɗaya suna nan a bencinsu, kwana na huɗu, wasu da iyayensu tsaye a rana. Ya wuce su bai kalli kowa ba. Ya sake jera takardun a tebur, ya danne su, ya zauna yana kallon agogon bango. In ya daure zuwa ƙarfe biyu, shi ke nan, makarantarsa ta tsira, shi ma ya tsira.

Ƙarfe ɗaya saura kwata Mataimakiya ta leƙo. "Malam, an sake kawo wata."

"Na ce ko ɗaya. Ki sallame su."

"Wannan gara ka fito ka sallame su da kanka."

Ya fito da niyyar yin faɗa. A ƙarshen bencin, inda sauran suka matsa suka ba ta wuri, Auta ce zaune, da shuɗin yadinta, zare yana reto a ƙirji. Matarsa tana tsaye a kanta riƙe da ambulan.

Bai san lokacin da ya karɓa ba. Sa hannun Dogo, hatimin kan tudu. Dalili: sauyin gida. Shekara goma sha tara suna gidan da suke ciki, a cikinsa aka haifi yarinyar. A ƙasa ga sa hannun matarsa. A bayan takardar an maƙala sakamakon gwajin da aka ce ba a bayar ba. Lissafi, ashirin da uku cikin ɗari.

"Sati uku ina neman bakin da zan faɗa maka," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa. "Kullum ka dawo da la'asar muryarka a dushe, ka zauna kana zagin masu cin ashirin, tana jin ka. Na yi ta zuwa ina roƙon Dogo. Jiya bayan ka fita daga ofishinsa ya aiko a kira ni."

Ya dubi Auta. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ya buɗe littafin lissafinta, ya kasa. 'Ya'yan mutane tamanin da ɗaya ya san inda kowanne yake tuntuɓe. Tasa ya ajiye a bakin ƙofa mai kyau ya ɗauka ya gama. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban allon ofis.

"Baba," in ji Auta, ba ta ɗago ba, "nan ma ba za a karɓe ni ba?"

Sauran yaran suna kallonsa, iyayensu ma haka.

Ya koma ofis, Mataimakiya ta biyo shi da littafin rajista. Ya ɗage kwalin alli ya sa hannu, ya ɗage kofin shayi ya sa hannu. Ɗaya bayan ɗaya, yadda suka zo. Ta Auta ya sa a ƙarshe.

"Ka san inda wannan zai kai mu a allo," in ji Mataimakiya.

"Na sani." Ya buɗe aljihun tebur ya ciro ƙorafin ya miƙa mata. "Ki buga wannan. Ki ƙara sunanta a ciki, ki rubuta 'yar waye. Ki bar mini layi ɗaya a rajista."

Ya ɗauki maƙullin babur. Ƙarfe ɗaya da minti goma. Zuwa shagon tela da dawowa, in hanya ta yi kyau, minti arba'in ne.

Yana tayar da babur, Auta ta taso daga benci da jakarta, ta zo ta kama bayan rigarsa za ta hau, kamar yadda take yi kowace safiya shekara shida.

Ya riƙe hannunta ya cire a hankali.

"Ki koma ki zauna da 'yan ajinku," ya ce. "Nan ce makarantarki."