Ranar Da A Ta Koma Q

Tun hantsi Gazali ya kasa zama. Ya leƙa ƙofar shago, ya dawo ya duƙa a kan teburi, ya sake miƙewa, har shayin da ya haɗa ya huce ƙudaje suka gaje shi. Shagon gyaran wayoyi ne na kawunsa, a bayan tashar motocin Tasawa. Kawun ya tafi suna, ya bar shi da abin da ya hana shi sukuni: wani ɗan koren faifai da bai kai tafin hannu ba, wayoyi sun fito masa ta ko'ina kamar saiwar gero.

Matan wani lambu a Kanan-Bakashe suna da rijiya mai famfon hasken rana, kuma famfon ya taɓa ƙonewa don ya yi ta zuƙa bayan ruwa ya janye. Aikin faifan shi ne ya riƙa jin tsayin ruwan, ya kashe famfo in ya yi ƙasa. Samira, malamar gonar da ke kula da lambun, ita ta kawo wa Gazali maganar, ita kuma ta yanke sharaɗi. Yau za ta koma da motar kasuwa. In faifan ya yi aiki a gaban idonta, da shi za a tafi, Gazali ya riƙa zuwa duba shi. In ya ƙi, akwai akwatin da ake sayarwa a Maraɗi, a haɗe, wanda ba ya bukatar kowa.

Ba ya bukatar kowa! Tun suna lise, makarantar sakandare, yake son Samira, son da ya yi ta girma a ɓoye har ya fi ƙarfin ƙirjin da ke ɗauke da shi, amma bai taɓa furtawa ba. In ta dube shi sai harshensa ya naɗe, ya koma yi mata zancen batir da wayoyi. Faifan nan shi kaɗai ne hanyar da ta rage masa zuwa Kanan-Bakashe.

Ga shi kuma faifan ya ƙi farkawa. Irin wannan abu ba ya taɓuka komai sai an dasa masa abin da suke kira *noyau*, ƙwayar da ke fara tashi ta lalubi gaɓoɓinsa, ta san ina ido ina hannu. Kowace gaɓa da *pilote* ɗinta, ɗan shirin da ke koya wa ƙwayar yadda za ta yi magana da ita. Da ya jona faifan da batir, rubutu sai ya yi ta gudu a fuskar ordinatarsa, wato kwamfuta, layi na bin layi, zuciyarsa na bin su a guje. Da an zo kan na'urar jin ruwa sai komai ya tsaya cak, kamar jaki a bakin kwalbati.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta sunkuyar da kai. Batirin ordinatar kuwa dama tsohon mayaudari ne.

"Salamu alaikum. Anjiniyar, ɗan naka ya yi magana ko har yanzu kurma ne?"

Samira ce, da jakar goyo da gyale ruwan ganye, bayanta Talle direban motar kasuwa, dattijo mai furfura a gemu, yana kaɗa mabuɗi a yatsa.

"Saura kaɗan," in ji Gazali. "*Pilote* guda ne ya maƙale."

"Pilot?" Talle ya matso ya ƙura wa faifan ido. "Cikin wanga ɗan abu? Ni da na tsufa bisa sitiyari ko sau guda ba a ce mini pilot ba. Yaro, in matuƙi kake nema ga ni tsaye, kuma mota ta kusa cika."

"Baba Talle, ka yi mana haƙuri kaɗan," in ji Samira.

"Madam, ni ina da haƙuri. Awakin da ke bisa rufin motar ne ba su da shi."

Ta jawo benci ta zauna kusa da Gazali, ƙanshin turarenta ya rikita masa lissafi. Don kada ya dube ta sai ya duƙa ya shiga ƙirga ƙafafun faifan, 'yan tsinkayen da ake jona wayoyi a kansu, da bakin biro, yana motsa leɓe. Nan ya ga abin. Wayar na'urar tana kan ƙafa ɗaya, shi kuma a rubuce ya gaya wa ƙwayar ta neme ta a ƙafar da ke maƙwabtaka da ita. Duk kwanakin nan ƙwayar tana sallama ne a ƙofar gidan da ba kowa.

Ya gyara lambar, ya sake haɗa komai, ya zuba a ɗan katin da faifan ke tashi da shi. Yana zare katin, fuskar ordinatar ta yi baƙi.

"Ta rasu," in ji Talle. "Allah ya jiƙan ta. Mu tahi."

"Tsaya, Baba! Don Allah tsaya."

Ya zazzage kwalin kawunsa, ya zaro wani ɗan ekaran mai nuna rubutu da tsohon *clavier*, allon maɓallan rubutu, duk ƙura, ya jona su da faifan kai tsaye, abin da bai taɓa gwadawa ba. Maƙalin igiyar ekaran ya karye, dole ya danne ta da yatsu biyu. Bakin wayar batir ma sai zamewa yake, ya riƙe shi da ɗaya hannun. A haka, a tanƙware kamar mai tatsar akuya, ya ga rubutu ya taso, ya yi gudu, ya iso kwalbatin nan, ya tsallake. Ya tsallake! Hawaye suka cika masa ido. Faifan ya tsaya yana tambayar sunan mai shiga.

"Samira, hannuwana duk a ɗaure suke. Rubuta sunana."

Ta rubuta. Ta duba ekaran, sai ta tuntsire da dariya har ta dafa teburi.

"Wane ne kuma gqwqli? Haka ɗan naka yake kiran ubansa?"

Gazali ya ji gumi ya tsattsafo masa. *Clavier* ɗin irin namu ne na Faransanci, ƙwayar kuwa da tsarin na Ingilishi ta tashi, ba wanda ya gaya mata a Tasawa take. Ya yi mata bayani a gaggauce: inda take son A ta danna Q, inda take son Z ta danna W. Ta goge ta sake, sunansa ya fito daidai.

"*Bon*. Yanzu *mot de passe*," ta ce, yatsunta a kan maɓallai.

A waje wani ya danna odar motar Talle, awaki suka amsa.

"Anjiniyar, kalmar sirri."

"Bari in rubuta da kaina."

"Da mi? Da hanci?" in ji Talle. "Kai, faɗa mata mu wuce, ba asirin sarauta ba ne."

In ya saki igiya, ekaran zai mutu. In ya saki batir, faifan zai mutu, kuma wa ya san ko zai sake tsallake kwalbati? Ya duba ƙofa, ya duba rufi. Sai wata 'yar dabara ta faɗo masa: ai ba kalmar zai faɗa ba, maɓallan da za ta danna zai faɗa, kuma ekaran ba ya nuna kalmar sirri.

"S," ya ce. "Q. *Virgule*, waƙafin nan. I. R. Q."

Faifan ya buɗe. Ya ce ta rubuta "ruwa", ta rubuta ba tare da ya tuna mata ina W ina A ba. Lamba ta bayyana. Samira ta miƙa wa Talle igiyar na'urar da ke jiƙe a bokiti ta ce ya ɗaga sannu a hankali. Yana ɗagawa lambar tana raguwa, tana raguwa, can sai wani ɗan abu a jikin faifan ya yi ƙas, jar fitilar da ke a madadin famfo ta mutu. Ya mayar, ta kama.

"Ikon Allah," in ji Talle, ya sake ɗagawa, ya sake tsomawa, ya manta da awaki.

Samira ba ta kallon fitilar. Maɓallan take kallo.

"S, A, wani abu, I, R, A," ta faɗa a hankali. "Safira ce? Wace ce Safira, Gazali? 'Yar wace unguwa?"

Ji yake da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Ta ɗaga yatsa guda, ta ɗora a kan *virgule*, ta danna. Ƙaramin m ya fito a ekaran, shi kaɗai, yana tsaye.

Ta daɗe tana kallon harafin. Sannan ta gyara gyalenta, ta miƙe, ta saɓa jaka, ba ta yarda idonsu ya haɗu ba.

"Ka sake kalmar sirrin nan," ta ce. "Kalmar da duk 'yan ajinmu suka sani tun lise, ai ba ta sirri ba ce."

"Kin… kin sani?"

"Ni jira nake in ji ta daga bakin mai ita, ashe sai da Q za ta fito." Ta juya ga direban. "Baba Talle, akwai wurin mutum ɗaya? Abin nan ba ya tafiya sai an riƙe masa igiya."

"Gaba ya cika, Madam. Sai dai bisa, wurin awaki."

Gazali ya saki batir, ya saki igiya, ekaran ya mutu bai ko kula ba. Ya tura faifan a kwali, ya fita, ya dawo ya ɗauki na'urar tana ɗigar ruwa, ya sake fita, ya tuna bai rufe shagon kawu ba. Yana kokawa da kwaɗo ya ji motar ta tashi, Talle ya leƙo ta taga yana ƙwala masa kira:

"Pilot! In ba ka yi sauri ba sai ka biyo mu a jirginka!"