Ba a Kiran Suna a Gaban Manaja

Kowa a layinmu yana da labarin Manaja, amma babu wanda ya san kamfanin da yake yi wa manajan. Mai wanki ya rantse ya taɓa tsintar harsashi a aljihun rigarsa. Matar mai kanti kuwa cewa take duk motar da ta ɓace a garin nan sai ta kwana a hannun mutanensa kafin ta canja launi. Ni mai aski ne, abin da zan iya rantsewa a kansa kaɗan ne: yana da tabo a bayan kunnen hagu, kuma ba ya son a taɓa masa gashin baki.

Ranar da ya ga dama yake zuwa shagona. Mutanensa su tsaya a waje suna danna waya, shi kuma ya sa in juya masa kujera ta kalli ƙofa, ba madubi ba. Yana gaisuwa, yana tambayar iyali, ya fi mutanen kirki da yawa ladabi. Wannan ladabin nasa ne ma ya fi ba ni tsoro.

Shagon aski gidan gulma ne, ba zan ɓoye ba. A kan bencina ake kashe aure a ɗaura wani kafin in gama kai ɗaya. Amma in Manaja yana kan kujera, ba a kiran sunan kowa. Babu wanda ya kafa mana dokar, a jikin mai nama muka koye ta. Wata mata ce ta yi mita a gabansa cewa an sayar mata da nama mai wari. Manaja bai ce uffan ba. Da mai nama ya sake buɗe teburinsa yana ɗingishi ne, fuska a kumbure, wai a banɗaki ya zame. Manaja gani yake unguwar tasa ce, shi gyara yake yi. Tun daga nan in ya zo sai hirar ƙwallo da zafin rana.

Kawuna bai san wannan ba. Ƙanin mahaifiyata ne, ya zo ganin likitan ido ya sauka a gidana, kuma mutum ne da ko shi kaɗai aka bari a ɗaki sai ya sami wanda zai yi wa ƙorafi. Tsohuwar motarsa ta ba shi wahala a hanya, na kai ta wurin Bakanike, wanda garejinsa ke ƙarshen layi. Bakanike abokina ne tun muna samari. Shi ya kai matata asibiti ranar haihuwarta ta fari, ni nake yi wa 'ya'yansa aski.

Ina cikin gyara wa Manaja ƙeya Kawu ya faɗo shagon, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Kai ɗan nan, wane irin bakanike ka kai ni wurinsa? Birki har yanzu kuka yake! Saura kaɗan in hau kan wata mai goyo. Wannan ai kashe mutane zai yi!"

Mai wanki da ke kan benci ya sunkuya yana duba takalminsa. Na yi wa Kawu ido, amma mutumin da ya zo ganin likitan ido ina zai gani?

Manaja ya ɗan ɗaga hannu, na kashe injin aski.

"Baba, sannu. Wane bakanike ne?"

"Na ƙarshen layin nan mana, mai jan ƙyaure."

"To, Baba. Allah ya kiyaye gaba."

Haka kawai ya ce. Ranar mai nama ma haka ya yi shiru. Na hango Bakanike kwance a ƙarƙashin mota, na hango mutanen nan na waje suna janyo shi ta ƙafa. Sai bakina ya buɗe da kansa.

"Yallaɓai, kada ka biye wa Kawu. Motar ce ta tsufa, ta girme ni. Bakaniken nan babu irinsa a garin nan. Da kunne kawai yake gane ciwon inji. Ka ba shi mota da safe, ya wargaza ta ya mayar kafin yamma, ko ƙusa ɗaya ba za ta yi saura ba. Ga shi ba shi da surutu, abin da ya gani a garejinsa a nan yake mutuwa."

Kawu ya buɗe baki zai musa, na taka masa ƙafa. Manaja ya juyo ya dube ni sosai, abin da bai taɓa yi ba.

"Ba shi da surutu, ka ce?"

"Ko kaɗan, Yallaɓai."

"Madalla. Ƙarasa mini askin."

Na ƙarasa, na kakkaɓe masa wuya, ya tafi. Har da jin daɗi na yi, ina ganin na ceci abokina. Na gaya wa matata da alfahari. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Kai da bakinka ka ce masa ba shi da surutu?" Ban gane nufinta ba a lokacin, har na ji haushinta.

Babu wanda ya taɓa Bakanike. Kawu ya sami tabarau ya koma gida da birkinsa mai kuka. Sai aka fara kawo motoci garejin, masu kyau, irin waɗanda ba sa shigowa layinmu, wasu babu lamba. Jan ƙyauren da kullum yake a wangale ya koma a rufe, ana jin ƙarar guduma da warin fenti daga ciki. Masu tasi da suka saba kai masa gyara suka canja wuri. Matar mai kanti ta ce dama ita ta daɗe da sanin mutumin nan ba shi da gaskiya, shirunsa ya yi yawa. Mai wanki ya ce ai tun tuni ɗan gidan Manaja ne. A kan bencina ake faɗin wannan, ina riƙe da kan wani, ba ni da bakin cewa ƙarya ne. Matar Bakanike ta daina shigowa gidanmu. 'Ya'yansa ma wani shagon ake kai su.

Bakanike ya daɗe bai zo ba, sai wata rana da hantsi, shago babu kowa, ya shigo ya zauna. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, ga sabon agogo a hannunsa da bai dace da shi ba. Na yafa masa ƙyalle na fara aiki. Na fara yi masa zancen ƙwallo.

"An ce kai ka yabe ni," ya ce.

"Mutumina, dukanka za su yi. Ka ga yadda suka yi wa mai nama."

"Na gani."

"To ka ce musu ba ka so mana. Ka ce aiki ya yi maka yawa."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Na ga motocin, na ga fuskokin masu kawo su, na san inda ake kai su. Wa zai bar ni in tafi yanzu?"

Na ci gaba da aski. Da na gama na ɗauko ƙaramin madubi zan nuna masa ƙeya, ya ture shi a hankali. Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ma faɗan ya yi mini da na fi samun sauƙi.

"Na wuce mai nama ɗazu," ya ce. "Tafiyarsa yake garau, yana ta ciniki da mata. Da ka bari sun dake ni, da yanzu na warke."