Firigon Barakatu

A unguwarsu ta Mallawa, Barakatu ce kaɗai mai firigo. Mijinta ya sayo shi daga Magarya tare da faifan hasken rana a shekarar da ya rasu, da shi kuma take ciyar da 'ya'yanta. Ɓangare biyu gare shi. A ɗaya take daskarar da ruwa a leda ya zama ƙanƙara, a ɗayan take jera ƙullin soɓo da lamurje su yi sanyi kawai. In azumi ya faɗo cikin bazara, tun la'asar mutane ke cika ƙofar gidanta.

Bayan girbi ƙanenta Ousmane ya dawo daga Kwatano a rame, ba ko jakar kirki. Ta share masa ɗakin da ke kusa da zaure, ba ta tambaye shi komai ba. Abin da ba ta sani ba shi ne can ya koyi shan giya, ya kuma koyi dafa ta a wurin wata mata da yake yi wa faskare. A Mallawa babu inda zai saya ido bai gan shi ba. Sai ya riƙa jiƙa dawa a wata tsohuwar bukkar gona bayan gari, ta yi tsiro, ya niƙa ya dafa, ya bar ta a tulu ta tashi.

Zafi ne ya hana shi sakat. Kafin ya waiwaya giyar ta yi tsamin da ba ta shayuwa, ya zubar, ya sake, ta sake lalacewa. Da azumi ya kama, Barakatu ta tafi gaisuwar rasuwa Sassumbrum da niyyar kwana can. Ousmane ya ɗura sabuwar dahuwa a kwalaben lemo har wuya, ya toshe su gam, ya shigo da su cikin buhu. Ya cusa su ƙarƙashin ƙullin soɓo. Har zai rufe ya ga maɓallin sanyi a tsakiya, inda yayarsa ke barinsa kullum. Ya ce a ransa in sanyi kaɗan yana tsare ta, mai yawa ya fi. Ya murɗe shi har ƙarshe.

Washegari ta dawo ana kiran la'asar, ta tarar da mutane na jira da kwanoni, leɓɓa a bushe. Ko mayafi ba ta cire ba ta ɗaga murfin. Soɓon duk ya sandare kamar dutse, wani farin kumfa ya daskare a kansa. Ta yi mamaki, amma ana ta kiran sunanta, sai ta zura hannun dama da ƙarfi don ta ɓamɓaro na ƙasa.

Giyar ta daskare ta kumbura, ta farfasa kwalaben. Wani tsinin kwalba ya shiga tafin hannunta ya ratsa zuwa gindin yatsu. Ta yi ƙara ta fizgo hannun, jini na zuba a kan ƙanƙara.

Maƙwabciyarta Hinda ta yo kanta da gudu, ta ɗaure hannun da ɗankwali. Maza suka shigo taimako. Malam Illo, wani tsohon direban manyan motoci da ya zaga ƙasashe, ya leƙa cikin firigon, ya ɗauko gindin kwalba ya sunsuna.

"Hinda, ku kai ta likita," in ji shi. Sannan ya juya ga masu jira. "Kada wanda ya yi buɗa-baki da abin da ke cikin nan. Giya ce."

Kafin a kira magariba maganar ta gama gari.

Da aka dawo da ita da hannu a naɗe, ta tarar da Ousmane tsugune bakin zaure. Ta tsaya a kansa.

"Kai ne?"

"Yaya, wallahi ban san za ta fashe ba. Sanyi kawai na so ta yi."

"Ba fashewar na tambaye ka ba. A abincin marayu ka sa ta? Cikin azumi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Gobe ka je ƙofar masallaci ka faɗa da bakinka cewa kai ne. Abin da nake roƙonka ke nan."

Ya ce to. Da gari ya waye aka ce an gan shi bayan wani mai babur, sun nufi iyakar Najeriya.

Barakatu ta faɗa wa mutane cewa Ousmane ne ya sa giyar, Hinda ma ta faɗa, wasu suka yarda. Amma ko waɗanda suka yarda sai su ce, ai firigon ɗaya ne, wa ya san tun yaushe ake ajiye ta ciki? Hinda ta wanke mata shi da toka da sabulu, ta shanya shi a rana, Barakatu ta sake ƙulla ruwa da hannun hagu. Ƙanƙara ta yi kyau, ba wanda ya zo. Mutane suka koma jiran wadda ake kawowa daga Dungas cikin buhun dusa, rabinta a narke.

Raunin ya warke, amma yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Bayan salla wani mai shago daga Kwaya ya zo da amalanken jaki ya ɗauki firigon da faifansa a farashin da ya ga dama. Ta tsaya a zaure har suka sha kwana.

Da damina ta sauka ta shiga aikin ƙodago a gonakin mutane, tana riƙe hauya da yatsun da suka rage. Wani ɗan kasuwa ya ce mata ya ga Ousmane a tashar Ɓaɓura yana dako, ya tambaye ta ko tana da saƙo zuwa gare shi. Ta ce a gaya masa yara suna lafiya.