Ƙarfen Dawanau a Gangar Mangwaro

Alhaji Maitama ya tsufa a kasuwar hatsi ta Dawanau, kuma tun yana saurayi bai taɓa sayen buhu bai soke shi ba. Yana da wani siririn ƙarfe mai rami a ciki, ya luma shi har gindin buhu, ya zaro, ya zuba a tafin hannu ya duba. Ko da zai taho Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya, sai da ya naɗe ƙarfen nan a tsumma ya cusa a akwati. Sabo, in ji mutanen da, turken wawa ne.

Ba hatsi ya kawo shi ba. Hajiya Halimatu, matar amininsa marigayi, ita ke riƙe da ƙaramin kamfanin lemon kwalba da mijinta ya bari a Sharaɗa, da shi take ciyar da marayu. Tana son tataccen ruwan mangwaro, irin mai kaurin nan da ake tsinkawa da ruwa a yi lemo, ya iso Kano kafin Babbar Salla. Alhaji ya bugi ƙirji ya ce mata, "Ni zan je da ƙafata. Abin da ya fito daga hannuna ba zai ba ki kunya ba." Alkawari kuwa kaya ne.

A unguwar Titiwangsa ya sauka, gidan 'yarsa Rufaida. Mijinta Muttaka yana karatun digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, shi ya nemo mai kayan, shi ne kuma tafinta. Yaro ne mai kunya ƙwarai. Bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, in Alhaji ya ce rana ta fito daga yamma sai ya ce, "Haka ne, Baba."

Ana tsakiyar azumi suka tafi sito da hantsi. Mai kayan, wani Bamalaye mai fara'a da ake kira Incik Adnan, ya sa aka buɗe murafen ganguna. A cikin kowace ganga akwai ƙatuwar leda mai ƙyalli kamar azurfa, a cike tam, an toshe bakinta. Ya kawo samfur a 'yar kwalba, ya yi dogon bayani yana nuna ledar, yana kaɗa yatsa yana cewa, "Tak boleh, tak boleh."

"Me yake ta hanawa?" in ji Alhaji.

Muttaka ya sunkuyar da kai. Ya ga kan ƙarfen ya leƙo daga aljihun babbar riga, ya kuma san aikinsa. Amma ta yaya zai ce wa uban matarsa kada ka yi? Sai ya ce, "Wai dai sun fi son a bar ledar yadda take, Baba."

"Sun fi so! Kowane mai kaya ya fi son haka. Samfur daban, cikin buhu daban. Ni ba na cinikin biri a sama."

Aka kira Incik Adnan a waya, ya shiga ofis. Alhaji ya zaro ƙarfensa ya yi bisimilla ya luma a leda ta farko. Ruwan ya biyo ramin, rawaya sosai, mai kauri kamar zuma. Da yake bakinsa da azumi, sai ya murza a yatsa, ya sunsuna, ya gyaɗa kai. Ya tsallake biyu ya soki ta gaba, yadda yake yi a Dawanau. Muttaka na tsaye yana kallo. Yana zaro ƙarfen daga leda ta uku da ya soka sai Incik Adnan ya fito, ya ɗora hannu biyu a ka ya yi salati.

Wannan karon Muttaka ya fassara duka. Ruwan nan dafa shi aka yi, aka ɗura shi a ledar babu iska ko kaɗan, shi ya sa yake daɗewa ba tare da sanyi ba. Da zarar iska ta sami ƙofa, ko da ƙofar allura ce, ya fara mutuwa ke nan. In ya yi makonni a cikin kwantena a kan teku, cikin zafi, zai kumbura ya yi tsami.

Alhaji ya dubi 'yan ramukan. Ko ƙwayar masara ba za ta shige su ba. Ya ce, "A liƙe da salatef mana. Buhu ma ɗinke shi muke yi."

Incik Adnan ya ce kayan Alhaji ne, an riga an gama ciniki, in ya ce a liƙe a rufe murfi a loda, za a yi. Babu mai gani sai an buɗe a Kano, kuma a can ana iya ɗora wa jirgi laifi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Boleh lah," wato ana iya yi, ya kau da kai.

Alhaji ya tuna bai taɓa komawa gida da kayan da suka gaza abin da ya yi alkawari ba. Ya juya wajen surukinsa.

"Muttaka, ɗago kanka."

"Na'am, Baba."

"Ban ce ka amsa ba, cewa na yi ka ɗago. Dube ni. In an liƙe, me zai isa hannun Halimatu?"

Muttaka ya ɗago, karo na farko tun da aka ɗaura aurensa. Ya ce, "Abin da ya kama hanyar zama giya, Baba. Kuma yara ne za su sha."

"Ka san haka tun ƙarfen yana aljihuna?"

"Na sani."

Alhaji ya daɗe yana goge ƙarfen da tsumma. Ruwa ba ya tsami banza. Ya ce, "Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kai ne kuma sandata a garin nan. Kunyar da za ta bar ni in taka rami ba ladabi ba ce. Amma hannuna ne ya soka, ba naka ba." Ya nuna gangunan uku ya ce a fitar da su gefe, a loda sauran.

Incik Adnan ya ce in an sa su a sanyi yau, za su yi 'yan kwanaki lafiya. Alhaji ya ce to a raba sadaka. Muttaka ya kira 'yan'uwansa ɗalibai, suka zo da jarkoki da bokitai, aka kai masallatan Titiwangsa, aka kai wa masu rabon buɗa-baki a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Incik Adnan ya ba da motar sito kyauta.

Kafin magariba Alhaji ya sa Rufaida ta kira masa Kano. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, kayanki za su zo, amma ba su cika ba. Ganga uku na lalata da hannuna. Zan cike miki su a jirgi na gaba daga aljihuna, sai dai ba za su riski Salla ba."

Ta ce, "Alhaji, na riga na yi wa masu shaguna alkawari."

"Na sani. Ki ce musu Maitama ne ya saɓa, ba ke ba."

Da aka kira salla, Rufaida ta kawo dabino da jug na ruwan mangwaron, ta ajiye. Muttaka ya miƙe zai koma ɗaki ya sha ruwa shi kaɗai kamar kullum. Alhaji ya tura masa kofi.

"Zauna nan. Gobe za mu koma sito a yi lodi, kuma duk abin da mutumin nan ya faɗa, ka faɗa mini shi yadda ya fito daga bakinsa."

Muttaka ya zauna a bakin tabarma, ya karɓi kofin da hannu biyu.