Ƙwayoyin Kwana Goma

Kwana shida da haihuwarta ɗinkin da aka yi mata ya kumbura. Ita da ke ɗinka wa mutane riguna, sai ga ta ba ta iya zama kan kujerar kekenta. A asibiti likita ta rubuta mata ƙwayoyin kwana goma. Layi ya yi tsawo, ana ta leƙowa ta ƙofa, shi ya sa ta fito ba ta tambayi komai ba.

Mijinta ne ya je kemis. Ya dawo da maganin, da gwangwanin madara, da bulumboti.

"Mai kemis ya ce maganin da ƙarfi, yana bi ta nono. Ki dakata da ba yaron nono."

"Amma likita ba ta ce haka ba."

"Kin tambaye ta?" in ji surukarta daga bakin ƙofa. "Miƙo min jikana. Ba za a yi gwaji da shi ba."

Ta miƙa shi. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, rigarta kullum a jiƙe, tana matsewa a banɗaki tana zubarwa. A falo surukar na ƙara wa madarar ruwa don gwangwanin ya jima. Yaron ya fara zawo, wuyansa ya yi siriri.

Ranar awo aka ɗora shi kan sikeli, ma'aikaciyar ta duba kati, ta kira likitar.

"Me yake sha?"

Uwar ta faɗa mata komai. Likitar ta ajiye biro.

"Wa ya ce ki daina? Don kina shayarwa na zaɓi wannan maganin. Ba ya hana shayarwa."

"To me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Likitar ta amsa laifinta. Ta jawo kujera ta nuna mata yadda ake haɗa madara daidai da tafasasshen ruwa. Ta ce nonon zai iya dawowa in tana yawan sa wa yaron a baki.

Sati biyu tana gwadawa. Yaron ya saba da robar bulumbotin, da ta kai masa sai ya kau da kai ya tsala ihu. Abin da ke fitowa bai cika cokali ba.

Ta je kemis da ƙafarta.

"Baiwar Allah, ai rigakafi na yi miki," in ji mai kemis ɗin, ko a jikinsa. "Akwai wata sabuwar madara, ta fi waccan. In ɗauko?"

Da ta dawo gida ta tarar da maƙwabciya ta zo duba jariri. Tun daga tsakar gida ta jiyo muryar surukarta tana bayani:

"Nonon nata ne ba shi da albarka. Yaran yanzu ke nan."

Mijinta na zaune a wurin, yana danna waya. Bai ɗago ba.